Ƙirƙiro sabuwar gunduma: abin da na koya daga mutanen Nyishi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da aiki tare da duk ma'aikatan wannan jarida tamu, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan maganar nan da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa ta neman sababbin jihohi da ƙananan hukumomi, don duk majalisar da ka zauna a Kadunan nan yanzu, daga Tudun Wada zuwa Kawo har Sabon Tasha, sai ka ji an tayar da ita, wannan ya ce a yi jihar Gurara, wancan ya ce Rigasa ta isa ƙaramar hukuma tun tuni, wani kuma ya ce duk neman kujera ne kawai. Ni zan ɗauko misalina ne daga nesa sosai, daga wata gunduma a ƙasar Indiya, kuma na san wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska, to a yi haƙuri a karanta tukuna.

Na yi karatun harhaɗa magunguna a Bangalore, kuma shekara uku cur ɗaki ɗaya muke da wani yaro ɗan ƙabilar Nyishi. Ranar farko da na gan shi wallahi na ɗauka ɗan Chaina ne, saboda kamanninsa sam ba irin na Indiyawan da muka saba gani a fim ba ne, ashe ɗan ƙasa ne, daga jihar Arunachal Pradesh can ƙuryar arewa maso gabas, a gindin duwatsun Himalaya inda Indiya ta yi iyaka da Bhutan da Tibet da Myanmar. Abin da ya fara haɗa mu shi ne tsangwama, ni ana kallona a titi don baƙar fata, shi kuma ana yi masa ba'a da idonsa ana tambayarsa fasfo a cikin ƙasarsa ta haihuwa. A watan Janairun 2014 da aka yi wa wani ɗalibi ɗan jiharsu duka a wata kasuwa a Delhi har ya rasa ransa, kwana biyu abokin nan nawa bai iya cin abincin kirki ba, ni na riƙa dafa mana shinkafa da wake ina lallaɓa shi.

A bakinsa na fara jin sunan Kurung Kumey. Gunduma ce da aka yanko daga Lower Subansiri a shekarar 2001, hedikwatarta Koloriang, sunan kuma na koguna biyu ne da suka ratsa ta, Kurung da Kumey. Ƙidayar 2011 ta nuna mutanen cikinta dubu 92 ne da 'yan kai, ka ga ko wasu unguwanninmu na nan sun fi haka jama'a, amma fa ƙasa ce ta tsaunuka da kwazazzabai da dajin da rana ba ta ratsa shi, ruwan sama kamar da bakin ƙwarya wata da watanni, kuma ta dangana har iyakar Chaina. Jihar gaba ɗayanta ta kusa ninka jihar Kaduna biyu a faɗi, murabba'in kilomita 83,743, amma mutanenta a wancan ƙidayar ba su cika miliyan ɗaya da rabi ba. Wani abin da ya ba ni sha'awa, a 1987 ta zama cikakkiyar jiha, shekarar da aka cire mana Katsina daga Kaduna ke nan.

Ban taɓa taka ƙafata can ba, kuma ba don ban so ba. Ko ɗan Indiya daga wata jiha sai ya yanki takardar izini kafin ya shiga, doka ce tun ta Turawan mulkin mallaka ta 1873 da har yau ake aiki da ita don kare filayen ƙabilun wurin daga baƙi, mu 'yan ƙasar waje kuwa namu izinin daban ne kuma ya fi wuya. Don haka abin da na sani na ji ne daga bakinsa, na gani a hotuna da bidiyon wayarsa, sai kuma abin da na bi na karanta daga baya saboda abin ya shiga raina.

Ya ce mini zamanin mahaifinsa, kafin a yi Kurung Kumey, in mutum yana son takardar shaidar ƙabila, wadda ita ce kamar takardar indijin ɗinmu kuma sai da ita ake samun gurbin makaranta da aikin gwamnati, to sai ya ɗaura adda a ƙugu ya goya kwando da guzuri ya kama hanyar Ziro, hedikwatar Lower Subansiri, a ƙafa, ya kwana a ƙauyuka, ya tsallaka koguna a kan gadar gora da igiya da take lilo da mutum, in ya isa kuma a ce masa oga ya fita rangadi ya dawo wani satin. Ranka ya daɗe ko wannan kaɗai ya isa hujjar a yi musu gunduma. Mutumin da zai yi kwanaki a daji don sa hannu ɗaya ba ya bukatar wani dogon turanci kafin a gane an zalunce shi. Shi ya sa ni ba na cikin masu cewa duk mai neman ƙaramar hukuma ɓarawo ne ko mai son raba kan jama'a, a'a, akwai nisan da shi kansa zalunci ne.

To a watan Fabrairun 2015 ina zaune a ɗaki ina bitar jarrabawa sai ga shi ya faɗo da gudu yana ihu, wai an sake raba Kurung Kumey an fitar da sabuwar gunduma mai suna Kra Daadi, kuma yankinsu na wajen Palin ya faɗa ciki. Lokacin babban ministan jihar, wato kamar gwamna a wurinmu, Nabam Tuki ne, shi ma ɗan Nyishi. Daren nan ya buɗe akwatinsa ya ɗauko hular gargajiyarsu ya sa, hula ce ta saƙa mai ƙarfi, a samanta an ɗora baki irin na tsuntsu, dogo mai lanƙwasa ja da rawaya, ga gashin tsuntsu a baya, ya tsaya gaban madubi yana taka rawa a hankali yana waƙa da yarensu, ya kira babarsa a waya suna ta magana da ƙarfi har da hawaye. Na taya shi murna tsakani da Allah, na fita na sayo mana kaza.

Bayan kamar shekara biyu, na riga na dawo gida na kama aiki a wani kemis, muna hira ta WhatsApp na tambaye shi ya sabuwar gunduma, sai ya yi shiru kaɗan ya ce an dai kafa allo, an naɗa jami'ai, amma da yawansu iyalansu da gidajensu suna Itanagar babban birnin jihar da maƙwabciyarta Naharlagun, sai ƙarshen wata ko in babba zai zo ake ganinsu, in damina ta sauka ƙasa ta zaftare ta toshe hanya kuwa sai a yi kwanaki ba mota ba sabis. Ya ce ƙanwarsa ta je neman sa hannu sau uku ba ta samu mai sawa ba. Wallahi da ya faɗi haka sai na ji tamkar labarin gidanmu yake ba ni, don a wannan shekarar ni ma na raka ƙanwata wata sakatariyar ƙaramar hukuma neman takardar indijin da za ta kai makaranta, mun tashi tun asuba, muka biya kuɗin mota muka isa wajen ƙarfe tara, ofis a buɗe amma ba kowa sai wani dattijo masinja da ke gyangyaɗi a kan benci da wasu awaki biyu kwance a baranda, fayil-fayil jibge a ƙasa ƙura ta rufe su. Dattijon nan ya dube mu da tausayi ya ce 'ya'yana ku yi haƙuri, ciyaman yana Kaduna, sakatare ma yana Kaduna, in kuna da mai lambarsu gara ku neme su can. Wato mun baro Kaduna mun zo neman mutumin da muka baro a Kaduna. Sai a zuwa na uku muka samu, yarinyar nan saura kwana ɗaya a rufe karɓar takardu, tana kuka a mota muna dawowa.

Wannan shi ne abin da ya dame ni har na ɗauki alƙalami. Muna ta faɗa kan a ƙara yawan gundumomi da ƙananan hukumomi amma ba mai tambayar ina waɗanda ake da su suke kwana. Kaduna tana da ƙananan hukumomi 23, ƙasar gaba ɗaya 774, rabon da a ƙirƙiro sabuwa da tsarin mulki ya amince da ita tun 1996 zamanin Abacha, kuma gaskiya jama'a sun ninka tun daga lokacin, mutumin Rigasa da hedikwatarsa ke Turunku yana da hujja, mutumin ƙauyukan Birnin Gwari da ke da faɗin ƙasa ga matsalar tsaro shi ma yana da hujja. Amma in an yi sabuwa gobe kuma ciyaman ɗinta ya kama haya a Malali ko Unguwar Rimi, me aka yi ke nan? An ƙara motocin ofis da alawus, talaka kuma yana nan inda yake. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, mun yi murna, to amma kuɗi ko sun iso in mai riƙe da su ba ya kwana cikin mutanen da aka zaɓe shi dominsu, bai san rijiyar da ta ƙafe ba, bai san ajin da rufinsa ya yaye ba, matarsa ba ta haihuwa a asibitin garin balle ya san babu nas da daddare.

Su can Arunachal tsarin nasu, gunduma tana ƙarƙashin wani babban jami'i da suke kira DC, kusan irin Di'o ɗinmu na da, a ƙarƙashinsa an yanka ƙasar da'ira-da'ira kowace da jami'inta, sannan a ƙauye akwai dattawan da ake kira gaon bura, gwamnati ke ba su jan kwat a matsayin alamar muƙami, su ne masu sasanta rikicin gona da na aure da na dabbobi, kamar dai dagatai da masu unguwanninmu. Abokina ya ce duk abin da ya taɓa yin nasara a ƙasarsu sai da aka biyo ta hannun waɗannan dattawan, kuma misalin da ya ba ni shi ne na hular nan da ya sa.

Bakin da ke kan hular, asalinsa na wani babban tsuntsu ne dangin cilakowa da burtu, wanda shi ne ma tsuntsun da jihar ta ɗauka tambarinta. Da na ce masa ai mu ma maharbanmu na da suna ɗaura kan burtu a goshi su durƙusa suna rarrafe cikin ciyawa don su yaudari namun daji, ya yi ta mamaki har ya sa na nemo masa hoto. A wurinsu namiji ba ya cika namiji a taro sai da wannan baki a kansa, to jama'a na ƙaruwa bindiga ta yawaita sai tsuntsun ya fara ƙarewa. Kuma duk wanda ya san cilakowa ya san halinta, macen takan shige kogon itace a liƙe ƙofar a bar 'yar kafa, namijin ke kawo mata abinci ita da 'ya'yan har su yi fiffike, ka ga in ka harbe namiji ɗaya ka kashe gida guda ke nan. Doka ta hana farautar amma doka daga nesa ba ta hana komai ba. Sai da masu kula da daji da ƙungiyoyin kare namun daji suka zauna da dattawan ƙauyuka, aka kawo bakin roba da aka ƙera shi sak na gaske, dattawa suka fara sawa da kansu a bainar jama'a, sannan samari suka bi. A kewayen gandun dajin Pakke har aka ɗauki tsofaffin maharba 'yan Nyishi ana biyansu su riƙa gadin sheƙunan tsuntsun, mutumin da da shi ne mai harbi yanzu shi ne mai tsaro, kuma yau har biki suke yi na shekara-shekara don tsuntsun. Na taɓa bakin hular abokina da hannuna, roba ce, amma yadda yake riƙe ta da girmamawa ko kusa ba za ka ce ba ta kakansa ba ce.

Na kawo wannan ne saboda mu a nan mun yi ta wasa da wannan matakin na ƙasa. A farkon shekarun 2000 zamanin Makarfi an ƙirƙiro masarautu da gundumomi da dama musamman a kudancin jihar, kuma mutane da yawa sun shaida hakan ya kwantar da wasu rigingimu don kowa ya ji an san da shi. A 2017 kuma gwamnatin El-Rufai ta rage gundumomin hakimai daga 390 zuwa 77 bisa hujjar cewa ƙananan hukumomi ba za su iya ɗaukar albashinsu ba. Kowane ɓangare yana da abin faɗa, 390 ta yi yawa ƙwarai kuma wasu an yi su ne don siyasa, amma ni abin da na gani da idona a ƙauyen kakannina shi ne tun da hakimi ya yi nisa, ƙaramar rigimar shanu sun shiga gona da da ake kashe ta a zaure kafin la'asar, yanzu sai ta kwana ta yi tsami ta kai ga 'yan sanda ko abin da ya fi haka muni. Hakimi da dagaci su ne hukumar da ba ta tafiya Kaduna ranar Juma'a ta dawo Talata, a garin suke kwana, a nan za a binne su.

Akwai kuma maganar suna, wadda ita ma ta taɓa ni. Shekara da shekaru maƙwabtansu na kwari da Turawa suna kiran mutanen nan Dafla, har a takardun gwamnati haka aka rubuta, su kuwa suna jin sunan a matsayin raini. Sun yi ta fafutuka har majalisar dokokin Indiya ta gyara doka a 2008 aka goge Dafla aka sa Nyishi, sunan da suke kiran kansu da shi. Ranar da na yi kuskuren furta tsohon sunan don na gan shi a wani tsohon littafi a laburare, fuskar abokina ta canza nan take, bai yi faɗa ba, ya dai ce dan Allah kar in sake. Tun daga ranar na dawo da hankalina gida. Mu Hausawa mun saba cewa Gwari da Kaje da Kataf da Kadara da Jaba, alhali masu sunan suna cewa su Gbagyi ne, Bajju ne, Atyap ne, Adara ne, Ham ne. Da yawanmu ba da mugun nufi muke faɗa ba, haka muka taso muka ji, amma tunda mai abu ya ce ga yadda yake so a kira shi, me zai rage mu in mun kira shi haka? Ina da abokin aiki Bajju a kemis ɗinmu, ranar da na fara gyara bakina ya lura, bai ce komai ba amma gaisuwarmu ta canza. Ina roƙon jaridar nan ma ta riƙa kula da wannan a labaranta.

Kar kuma a ɗauka ina cewa Nyishi mala'iku ne. Su ne ƙabila mafi yawa a jihar, wajen mutum dubu 300, sun bazu a East Kameng da Papum Pare inda babban birnin jihar yake da Kurung Kumey da Kra Daadi da Kamle da wasunsu, suna da arzikin wani irin sa na daji da ake kira mithun wanda da shi ake biyan sadaki kuma da yawansa ake auna girman mutum, suna zama a dogayen gidajen gora masu murhu da yawa kowace mata da nata, suna bikin Nyokum duk 26 ga Fabrairu don roƙon albarkar noma, wasu na bin addinin gargajiya na Donyi-Polo wato rana da wata, da yawa kuma sun zama Kirista. To a cikin waɗannan gundumomin nasu akwai wata 'yar ƙaramar ƙabila, Puroik, da a da ake kira Sulung, waɗanda suka daɗe suna yi wa manyan gidaje bauta ta gado, kuma har yanzu su ne a baya a karatu da komai. Abokina da kansa ya faɗa mini wannan yana sunkuyar da kai. Ka ga wanda ya yi kukan an danne shi a babbar gunduma, da ya samu tasa sai ga shi shi ne babba a kan wani. Duk masu neman a yanka musu jiha ko ƙaramar hukuma a Kadunan nan, kudu ko arewa, ya kamata a tambaye su tun yanzu su wane ne za su zama 'yan tsiraru a cikin abin da kuke nema, Bafulatanin ruga ne ko Bahaushen kasuwa ko Kiristan da ke cikin garin Musulmi ko wata ƙaramar ƙabilar da ko kansila ba ta taɓa fitarwa ba, kuma me kuka tanadar musu a rubuce?

Don haka roƙona ga 'yan majalisarmu na jiha da na tarayya da ke karɓar takardun buƙatu, kafin a kai ga ƙara ko ɗaya, a sa doka mai haƙori cewa ciyaman da sakatare da shugabannin sassa dole su zauna a hedikwatar ƙaramar hukumarsu, a gina musu gidan in babu, wanda ya ƙi a tsayar da alawus ɗinsa, kuma a ba jama'a lambar da za su kira in sun zo ofis ba kowa. A duba nisan tafiya da yawan jama'a da gaske wajen yanke inda ya cancanta, ba wanda ya fi baki a Abuja ba. Ku kuma 'yan jarida dan Allah ku tura wakilanku ranar Litinin da safe ba tare da sanarwa ba su zaga sakatariyoyi 23 ɗin nan su ƙirga ofisoshin da ke da mutum a ciki, ku buga mana abin da suka gani.

Abokin nawa yanzu ya koma gida ya buɗe ɗan shagon magani a yankinsu, ya ce hanya ta ɗan gyaru fiye da da kuma an buɗe filin jirgi kusa da Itanagar a 2022, amma makon jiya da muka yi waya kiran ya katse sau huɗu, daga ƙarshe ya turo saƙo cewa ruwa ake yi kwana uku ke nan, ƙasa ta sake rufe hanya, motar da ke ɗauke da kayan shagonsa tana tsaye a ɗaya gefen.

Na gode da fili, Allah ya zaunar mana da jiharmu lafiya.

Naku mai karatu a kullum,
daga Tudun Wada, Kaduna.